Irin da Ke Tukunyar Inno

Zuwa ga matata Inno,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙafar taki, ina mutanen Gangara, ina haƙurin fari? Tunda aka yanke layin waya sai takarda. Bawa mai mashin za shi karanta miki.

Kin aiko tambaya wai mi ni jikanki nike koyo a Sakkwato da ya hana ni gida. Kin ga ƙarfen da malamanmu suka kafa gefen gonarki, wanda kike shanya zane a kai? Akwai wani haske da ido ba ya gani, daga can wajen taurari yake saukowa ya bugi ƙasa ya yi tsalle. Ƙarfen nan ke ƙirga shi. In ƙasa na da ruwa sai ta haɗiye shi, ƙirgen ya ragu. Bawa ke kawo mini katin da ƙarfen ke ajiye ƙirgen a ciki, ni kuma ina koyon rubuta wa kwamfuta umurni ta tace mini lissafin. Wallahi ta fi akuyarki taurin kai.

Irin geron marigayi Kaka Sammani da ya rage a tukunya, shi ke nan gare mu. Don Allah kar ki taɓa shi sai na ce.

Maigidanki,
Kalilu

Inno tawa,

Ina gaisuwa, ina gajiya? Bawa ya ce an yi ruwa, kowa ya shuka, Tani maƙwabciyarki har dariya take miki wai kina jiran izinin ƙarfe.

Na duba. Ƙirgen ya ɗan sauka, ya koma sama nan da nan. Fatar ƙasa kawai ta jiƙa. Malamina ya duba aikina ya ce daidai ne, amma Inno, tsoro nike ji. Ɗan koyo ne ni. In na sa kika rasa damina, da wane ido za ni dube ki? Duk da haka ki ƙara haƙuri.

Naki,
Kalilu

Inno,

Gaisuwa da ban girma. Na ji shukar mutane ta ƙone, ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na kuma ji kin yi wa Tani alkawarin rabin irin. Kai, tsohuwa!

Katin jiya ya iso. Tun ruwan Jumma'a ƙirgen ya sauka, kuma bai tashi ba. Na sake lissafin har kwamfuta ta yi zafi, na yi kuka gaban mutane. Ruwa ya shiga ƙasa, Inno. Buɗe tukunya.

Amma ki jira ni, gobe za ni biyo Bawa. Tun rasuwar Kaka ke kaɗai ke sara ki zuba da wagga ƙafa taki. Ki fiddo sunguminsa daga bayan rumbu. Ni za ni shiga gaba ina sara a hankali, ke ki biyo ni da iri.

Maigidanki,
Kalilu