Barcin Badruddeen

Habibatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya mutanen Tirwun? Ni lafiya lau, kiwon raƙuma a Ƙatar ba wuya, barci ne kawai ya ƙi ni.

Jiya likitan dabbobi ya yi wa ɗan raƙumi allurar kashe zafi, ya tsuguna yana lura da numfashinsa. Na tsokani likitan kan haka, ya ce irin maganin nan yana danne numfashi, har ta nono yake bi.

Ƙwayar da na kawo miki daga kasuwa bayan haihuwa irinsa ce. Muna ta yabon jaririnmu Badruddeen ba ya kuka, har ya rasu cikin barci.

Bakina da ba ya rasa magana ya kasa faɗa miki a waya. Ki yafe mini, in kin iya.

Mijinki,
Babayo