Lafaya Ɗari Biyu

Bulumkutu, Maiduguri
6 ga Maris

Ƙawata Salomi,

Wushe. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya Yoila da babansa, ya kasuwar Jos? Ga kwali uku na turaren wuta da humra kamar yadda kika nema. Wasiƙar nan a kwalin sama na sa ta, don kin san wayata a hannun kowa take a gidan nan.

Na yanki fom, kansila nake nema a mazaɓarmu. Kada ki yi min dariyar nan taki, tun daga nan ina jin ta. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, mata talatin da biyu ke cin abinci a rumfata, amma duk damina sai ruwa ya shigo mana saboda magudanar layinmu ta toshe. Sau huɗu ina zuwa wurin kansilanmu, Alhaji Ajimi. Sau huɗu yana ba ni shayi yana cewa yana sane. Bara da ruwa ya jiƙa min buhu shida na icen turare, na ce to ya isa.

Jam'iyya ta ce ƙato bayan ƙato za a yi zaɓen fid da gwani, ranar 20 ga Afrilu, a filin firamare. Ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Mata ɗari biyu masu katin jam'iyya sun yi min alkawari. Maigidana Malam ya ce Allah ya taimaka, ya koma kan rediyonsa.

Ke da kika ci shugabancin 'yan kasuwarku sau biyu, ki faɗa min yadda ake yi. Gaskiya tsoro nake ji. Ba faɗuwar ba, in tsaya a tsakar fili in waiwaya in ga ba kowa.

Ki gai da kowa.
Taki,
Fanna

Jos
14 ga Maris

Honorabul Ya Fanna,

Gaisuwa da fatan alheri. Kaya sun iso lafiya, humrar ma har ta ƙare. Na yi dariyar, amma ta murna. A kan Dutsen Shere na karanta wasiƙarki ga matan da muke hawa tare duk Asabar, suka yi ta guɗa. Na san za ki ce matan da suka haifi 'ya'ya ba su da aiki sai hawan dutse. Ki zo ki gwada, ki ga ko numfashinki zai kai ki rabi.

Ga shawarata. Mace ita kaɗai kunyar shiga layi take ji, amma in ta hangi ɗari da irin kayanta, ƙafarta ba ta rawa. Haka muke yi a zumuntar mata a coci, haka kuma na yi a kasuwa. Ki yi anko. Na aiko miki lafaya koriya guda ɗari biyu, gudummawata ce, kada ki ce min komai.

Abu ɗaya kawai. Kowace lafaya a leda, a ɗaure, kowa ta tura ƙarƙashin akwati. Kada miji ya gani, kada uwar miji ta gani, sai safiyar zaɓe. Alhaji Ajimi ya daɗe a harkar nan, in ya san gidajen da ke tare da ke tun da wuri, kin gama yawo.

Ki gai da Malam Mikail, ki ce ya rage rediyo ya taya ki.
Taki har kullum,
Salomi

Bulumkutu
2 ga Afrilu

Salomi,

Bayan gaisuwa da godiyar da baki ba zai iya ba, na yi ɓarna, kuma da hannuna.

Na bi maganarki, leda da ɗauri duk na yi. Amma ki duba min. Ni 'yar Yerwa, mai sana'ar turare, in miƙa wa mace tufa tana warin kanti? Da wane ido zan kalle ta? Ko kwalin ashana ba ya fita gidana bai sha hayaƙi ba. Kwana uku muka yi muna ɗora lafayoyin a kan kabbasa, goma goma, muna turara su da haɗin nan nawa mai hawi da miski, wanda ko yaro a Bulumkutu ya shaƙa zai ce na Fanna ne. Ko sau ɗaya ban yi tunani ba, wallahi.

Leda ba ta riƙe shi ba, akwati ma haka, balle a zafin nan. Matar Alhaji Ajimi ta shiga gari gaishe-gaishe. Ta shiga gida, ta zauna bakin gado, ta sha ruwa, ta ɗaga hanci, ta tashi. Bayan la'asar sai ka ga mijinta a ƙofar wannan gidan da ƙwaryar goro yana gaisawa da maigida. Cikin mako guda ya bi gidajen kaf, bai yi kuskuren ko ɗaya ba.

Kin tuna Phebe, 'yar Hawul da ta fara aiki da ni tun ina tukunya ɗaya? Jiya ta zo da ledarta a hannu.

"Mama, ki karɓa," ta ce. "Baban yara ya ce Alhaji ne ya tsaya masa ya samu gadin kasuwa. Ya ce ranar a bayan Alhaji zan tsaya, shi da kansa zai raka ni."

"To ni me zan yi da ita?" na ce.

"Ki ba wadda za ta iya."

Na ce ta tafi da abarta, ni ba na kyauta in karɓe. Ta fita tana share ido, ni kuma na ƙona turare tukunya guda don haushi.

Yanzu Alhaji ya aiko. In na janye, zai sa a ba ni shugabar mata ta mazaɓa, ba sai na ji kunya a fili ba. Wai yana tausayina. Na ce zan yi shawara.

Taki,
Fanna

Jos
9 ga Afrilu

Fanna,

Gaisuwa. Da ina kusa da na maka miki kabbasar a ka. Amma laifina ne ni ma, na san ki shekara talatin, na aika wa mai turare tufa ban ce kada ta turara ba.

Shugabar mata aikinta raba kujeru da lemo a taro, ba ta buɗe magudana. In kika janye, matan nan za su ce dama wasa kike, gobe ko kin kira ba mai fitowa. In kika tsaya, ko mutum goma ne, an ƙirga su. Ni dai tawa shawarar ke nan, amma ke za ki sha ranar, ba ni ba.

Mun sa ki a addu'a.
Salomi

Bulumkutu
22 ga Afrilu

Salomi,

Ina gaisuwa. Na tsaya, na faɗi. Shi ɗari biyu da sha huɗu, ni saba'in da tara, har da Malam.

Sai da aka gama ƙirga na iya waiwayawa. Ban fara ganin layina ba, nasa na gani. Kore ne, Salomi, tun daga bayansa har bakin katanga. Mazajen sun kawo matansu layin Alhaji kamar yadda suka yi masa alkawari, amma ba wanda ya ce musu ga abin da za su sa. Phebe ce ta bakwai a bayansa, kanta a ƙasa, lafayar a jikinta. Na ƙirga masu koriyar lafayar da idona, ɗari da ashirin da ɗaya. Alhaji ma na ga bakinsa yana motsi, shi ma ƙirgawa yake.

Ban yi kuka a fili ba, sai a cikin keke. Har yanzu ban san ko na baƙin ciki ne ba.

Yau da safe duka talatin da biyun suka zo aiki, ba wadda ta iya haɗa ido da ni. Na ce su hura garwashi, kayanki na jira.

Taki,
Fanna