Ƙafafun Tajussir

Wad Madani, 6 ga Maris, 2004

Zuwa ga yayata Mahasin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Ustaz Hashim da yara da duk mutanen Karima. Ihlas da 'yarmu Tahani suna gaishe ki.

Yau wata huɗu cif da aka ciro ƙodarki aka dasa mini. Ranar Litinin na je Hartum, Likita Gurashi ya duba jinina ya ce ƙodar tana aiki kamar da ita aka haife ni. Na ce masa, "Likita, ƙodar ungozoma ce, ba ta san hutu ba." Ya yi dariya har da cire tabarau. Kumburin fuska ya tafi, ƙaiƙayin da ke hana ni zama ya tafi, ina shan ruwa ba mai riƙe mini hannu. Shekara biyu ina kwanciya gefen injin wankin ƙoda ina kallon silin, yanzu in na tuna sai in ji kamar wani aka yi wa.

Ihlas ta zama soja a gidan nan. Shayi ba sukari, gurasar kisra guda ɗaya tak. Jiya na saci dabino biyu cikin wanda kika aiko, sai ta dube ni ta ce, "Ƙwallayen da ke aljihunka, gona za ka shuka?"

Ƙafafun ne dai har yanzu kamar ina taka auduga. Amma ina riƙe da abin da kika faɗa mini a asibiti, cewa jijiya a hankali take farkawa, in ba ta wata shida. Saura biyu. Hajj Babikir mai motocinmu ya zo duba ni, ya ce bas ɗina tana jirana, wanda ya riƙe ta ba ya jin kukan inji. Shekara ashirin da uku ina kan hanyar Madani zuwa Hartum, Yaya, na san kowane rami da sunansa.

Ya ɗinkinki? Kada ki ɗauki abu mai nauyi. Allah ya saka miki da abin da ba zan iya biya ba.

Ƙaninki,
Tajussir

Karima, 21 ga Maris, 2004

Tajussir,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarka, mun gode Allah. Hashim yana gaishe ka. Ɗinkina ya warke, na koma aiki tun watan jiya, shekaranjiya ma na karɓi tagwaye.

Ka saurare ni da kyau. Magungunan da ke hana jikinka ƙin ƙodar suna ɗaga sukari, suna kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ciwo. Ƙaramin rauni a wajenka babba ne. Kullum da safe ka duba tafin ƙafarka da madubi, har tsakanin yatsu. Kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko zuwa masallacin ƙofar gida ne. Kafin ka sa takalmi ka zura hannu ciki ko da tsakuwa. Ruwan wanka ka gwada shi da gwiwar hannu, kada ka gwada da ƙafa.

Maganar mota ka bar ta tukuna. Ka tambayi Hajj Babikir ko yana da aikin zaune a tasha. Ba abin kunya ba ne.

Ka ce wa Ihlas na ce ta ƙara tsanani. Dabinon na Tahani ne.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarka,
Mahasin

Wad Madani, 17 ga Yuni, 2004

Zuwa ga Yaya Mahasin,

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Ustaz da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba. Baban Tahani bai san na rubuto ba. Ban kira ki a wayar shagon unguwarku ba saboda maganar ba ta cikin mutane ba ce.

Ya koma tuƙi tun farkon Mayu. Ranar da wata shida ta cika ya yi wanka ya sa farar jallabiya ya tafi tasha. Na tsaya a ƙofa na ce, "Kana jin ƙafar?" Ya ce, "Ta fara dawowa." Na yarda, don ina son in yarda.

Makon jiya maƙwabciyarmu Hajja Batul ta shigo mini. Ta ce a motarsa ta dawo daga Hartum, a kujerar bayansa take. Daf da Hasahisa keken jaki ya ratso titi da mace da 'ya'yanta a kai. Ta ce da idonta ta ga ya sunkuyar da kai yana neman birki da ido, sannan ya taka. Motar ta tsaya hancinta na taɓa keken. Fasinjoji suka yi ta yaba masa, ita kuwa ta ce mini, "Ihlas, direba ba ya duban ƙafarsa."

Da ya dawo da la'asar na ce ya zauna in cire masa takalmi. Ya ƙi, na matsa. Yaya, safar ta manne da tafin ƙafarsa ta dama. Ƙarfen ƙasan motar kusa da inji yana zafi, takalmin ya huje, ƙafar ta ƙone ta yi ruwa, faɗin tafin hannun Tahani. Bai san tun yaushe ba. Ina ɓare safar ina kuka, shi yana kallona kamar ƙafar wani nake wankewa.

Na ce, "Mutum arba'in da biyar kake ɗauka."

Ya ce, "Yaya ta ce za ta dawo. Jinkiri ne kawai. An farke cikin matar mutane saboda ni, sai in zauna kan tabarma ina korar ƙuda?"

Washegari na ja shi wajen Likita Gurashi. Bayan an wanke ciwon na koma ciki ni kaɗai na tambaye shi yaushe jin zai dawo. Ya ce raɗaɗin da dattin jini ke kawowa shi ne ƙoda ke gyarawa, kuma ya tafi. Amma jijiyoyin da sukari ya ci shekara goma sha takwas, ƙoda ba ta da abin yi musu. Ya ce a ƙasashen Turai wani lokaci suna haɗawa da dasa gaɓar da ke sarrafa sukari, ko su ma abin da suka fi samu shi ne lalacewar ta tsaya, sauƙin kuma kaɗan ne, sai bayan shekaru. Ya ce, "Na faɗa masa ban yi alkawari ba. Yayarsa kuwa ta fi kowa ganewa, har zane na yi mata a takarda."

Yaya, ban zo da zargi ba. Abin da kika yi mana ba bakin da zai faɗe shi. Amma maganarki yake riƙe da ita, kuma ya ce da ciwon ya kame zai koma mota. Ni ba ya jin tawa.

Ki yafe mini in na wuce wuri.

Ƙanwarki,
Ihlas

Karima, 25 ga Yuni, 2004

Tajussir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya jiki. Ihlas ta rubuto mini, kuma in ka yi mata faɗa a kan haka ni ka yi wa.

Ƙarya na yi maka. Jin ƙafafunka ba zai dawo ba, ba a wata shida ba, ba a shekara shida ba. Na sani tun kafin a shiga da mu ɗakin aiki.

Ka tuna ranar da likita ya ce bai yi alkawari ba. Muka fito ka zauna kan bencin baranda, fuskarka a kumbure, ka ce mini, "In dai ba zan koma mota ba, ki bar ƙodarki a jikinki. Ba zan sa a yanka ki don in zama kaya ba." Na san ka. Tun kana yaro in ka ce a'a, ko Baba bai iya juya ka. Kuma na ga sakamakon jininka, na san injin nan ba zai riƙe ka shekara biyu nan gaba ba. Sai na ce maka likitoci haka suke, ba sa son alkawari, ni na ga irin wannan ta warke. Ban taɓa gani ba.

Na yi zaton in ka ji daɗin jikinka za ka haƙura da motar da kanka, in faɗa maka gaskiya a hankali. Kullum sai in ce sai wata mai zuwa. A takardata ta Maris na ɗauki alƙalami don in faɗa, na ƙare da maganar madubi da takalmi. Wannan tsoro ne, kuma saura kaɗan ya kashe mace da 'ya'yanta a Hasahisa. Da hakan ta faru, da ni ce na taka su.

Ban yi nadamar ƙodar ba. Da za a mayar da mu kan bencin nan, ban san ko zan iya faɗa maka gaskiya in kalle ka kana mutuwa ba. Ba zan yi maka wata ƙaryar in ce na sani ba.

Ban ba ka ƙodar don Hajj Babikir ya samu direba ba. Mu biyu muka rage cikin 'ya'yan Umma. Ina son in ina da magana in samu wanda zan rubuta wa.

Ka yi fushi da ni iya son ranka, amma ka mayar da makullin motar nan.

Yayarka,
Mahasin

Wad Madani, 9 ga Yuli, 2004

Zuwa ga Hajja Mahasin,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso.

Wata bakwai ina tashi da asuba ina tsira wa babban yatsana allura, ina cewa ko yau. Na ɗauka laifina ne, ko dabinon da na sata ne, ko ban yi haƙuri yadda ya kamata ba. Da na ga wata shida ta cika ba komai, kunyarki na ji. Na ce kin ba da naki, jikina ya ƙi cika nasa. Ashe ke kin sani.

Na tambaye ki kan bencin nan don ke ce ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Rayuwata ce, Yaya. Da kin bar ni na zaɓa. Wataƙila da na ƙi, wataƙila da na kwana biyu na dawo na ce a yi. Yanzu ni ma ba zan taɓa sani ba.

Abin da aka ba mutum da ƙarya, in riga ce sai ya tuɓe ya mayar. Wannan tana cikina, kuma tana aiki.

Kada ki rubuto tukuna.

Tajussir

Hartum, 20 ga Agusta, 2004

Yaya Mahasin,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki. A gaggauce nake, direban Karima zai tashi.

Ciwon ya ƙi kamewa, ya ci ciki. Kwananmu goma sha tara a asibiti. An cire ƙananan yatsu biyu, likita ya ce sauran ƙafar ta tsira, ƙodar ma ba abin da ya taɓa ta. Bai koma mota ba tun ranar da takardarki ta zo, amma makullin yana aljihunsa har nan.

A gadon kusa da shi akwai wani malamin makaranta daga Sinnar, shekararsa biyar kan injin wanki, 'yan'uwansa bakwai ba wanda ya zo a gwada jininsa. Suna hira sosai. Shekaranjiya malamin ya rasu da hantsi. Da yamma Baban Tahani ya tambaye ni ko ɗinkinki yana damunki in kin daɗe a tsaye. Na ce ban sani ba, shi ya kamata ya tambaya. Ya juya fuska bango.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Ihlas

Wad Madani, 2 ga Oktoba, 2004

Yaya,

Assalamu alaikum. A gaida Ustaz Hashim da yara.

Na mayar wa Hajj Babikir makulli. Ya ba ni kujera a gareji, ina sauraren injuna ina faɗa wa makanikai inda ciwon yake. Ina tafiya da sanda.

Ban huce ba tukuna, kuma ban san ranar ba. Amma fushi ta takarda yana da wuya. Azumi ya kusa, likita ya hana ni yi. Ki zo ki yi naki a nan, in ƙarasa faɗan a gabanki. Na riga na gaya wa direban Karima ya ajiye miki kujerar gaba ranar Alhamis.

Ƙaninki,
Tajussir