Hoton Ni'imat a Shafin Talla

Damanhur, 3 ga Maris, 1969

Zuwa ga shugaban Ƙungiyar Littafi Har Gida, Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Shukri Gunaim, mai shagon aski a bayan tashar jirgin ƙasa. Ba littafi nake nema ba.

Jiya ina yi wa Hajji Bayumi aski, yana duba wata tsohuwar mujalla cikin waɗanda nake ajiye wa masu jira, sai ya ce, "Kai Shukri, dakata kafin ka cire mini kunne. Wannan ba 'yar gidanku ba ce?" Tallanku ne, wanda kuka ce mutum ya yanke takardar ƙasan shafi ya aiko, ku riƙa aika masa littafi duk wata. A sama ga mace zaune bakin taga tana karatu. Ƙanwata ce, Ni'imat. Tabon da ke girarta ta hagu, a gabana ta same shi.

Shekara goma sha ɗaya ba mu ji ɗuriyarta ba. A taimaka mini da adireshinta.

Na gode, a huta lafiya.
Shukri Gunaim

Alƙahira, 11 ga Maris

Ustaz Shukri,

Wa alaikumus salam. Shugaba ba ya karanta wasiƙu, ni nake buɗe su. Sunana Tahiya Rizk.

Wadda ke hoton lallai Ni'imat ce. Tebur ɗaya muka yi shekara bakwai da ita, ina rubuta adireshi tana ɗaure littattafai. Amma a iya sanina ba ta taɓa cewa tana da wa ba. Ɗan'uwan da ya yi shekara goma sha ɗaya bai nemi mutum ba, sai da wani ya nuna masa hoto, ai ya kamata ya fara faɗin me ya raba su. Kafin nan ba ni da abin ce maka.

Wassalam.
Tahiya Rizk

Damanhur, 16 ga Maris

Sitt Tahiya,

Ina gaisuwa. Kin yi mini wankin babban bargo, kuma na cancanta.

Da mahaifinmu ya rasu, ni na zama babba a gida ina ɗan shekara ashirin da huɗu. Ni'imat ta ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai a Alƙahira. Na ce ba inda za ta. Ta ce, "Yaya, kai ma fa ba son askin nan kake yi ba, kada ka huce a kaina." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na mare ta. Na kwashi littattafanta na kai wa mai gasa gurasa ya hura wuta da su. Bayan kwana biyu ta hau jirgin safe. Na rantse a gaban maƙwabta ba zan neme ta ba, girman kai kuma ya hana ni karya rantsuwar.

Yanzu Umma tana kwance, ƙafa ta daina ɗaukarta. Na yanko hoton na kai mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta rame. Ba ta cin abinci ne?" Kullum sai ta tambaya ko amsa ta zo.

Ba sai Ni'imat ta yafe mini ba. Ta zo ta ga uwarta, ni zan bar gidan har ta tafi.

Allah ya saka miki.
Shukri

Alƙahira, 24 ga Maris

Ɗan'uwana Shukri,

Ina gaishe ka, ina gaida Umma. Sau uku ina yaga wannan takarda.

Ni'imat ta rasu bara cikin hunturu, ciwon ƙirji. Ni na rufe mata ido. Mu shida muka raka ta, duk 'yan ofis.

Ba ta zama malama ba, amma babu littafin da ya fita daga ɗakinmu ba ta karanta shi ba. Tana da ban dariya, tana kwaikwayon tafiyar shugaba har mu riƙe ciki.

Na yi maka ƙarya a wasiƙar farko, don ina jin haushinka. Ta faɗa mini labarinka. Da za a ɗauki hoton nan shekara huɗu da suka wuce, duk 'yan matan ofis suka ƙi, ita ta ce a ɗauke ta. Na ce, "Ke, ba kya kunyar duniya ta gan ki?" Ta ce, "Yayana yana ajiye mujallu a shago. Zai gani." Daga ranar, duk takardar da ta zo da hatimin Damanhur sai ta karɓe daga hannuna ta buɗe da kanta.

Tana maƙabartar Basatin. In ka zo, zan kai ka.

Allah ya ba mu haƙuri.
Tahiya

Damanhur, 29 ga Maris

Sitt Tahiya,

Salamu alaikum. Wasiƙarki ta same ni.

Na duba kwanan watan mujallar. Shekara huɗu tana kan bencina, ban taɓa buɗe ta ba.

Ranar Litinin ba ma buɗe shago, zan iso da jirgin ƙarfe goma. Ɗazu Umma ta gan ni ina goge takalmi, ta ce ina zuwa. Na ce Alƙahira. Ta sa an dafa tantabaru biyu, wai in kai wa Ni'imat.

Ban san yadda zan yi da su ba.

Naki cikin godiya,
Shukri