Daddawarki Ta Iso, Inna

Greensboro, Yuni 2006

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yaya Furera da jaririnta? Ruwa ya sauka a Maraɗi kuwa? Ni lafiya lau nake, kada ki sa komai a ranki.

Kin tambayi aikina. Toka nake kwasa a wata masana'anta a bayan gari. Suna fesa wani sinadari, amoniya, cikin bututun hayaƙi don ya tace hayaƙin, sai dai ba duka yake ƙarewa a ciki ba. Wani ya bi iska, wani ya maƙale a tokar. Ba irin tokar murhunki ba ce da ake kaiwa gona. Zarni gare ta mai sa hawaye. Tafkin da ke bayan wurin ya koma kore shar, makon jiya har kifaye suka taso ciki sama. Ni kuwa warin ya daina damuna, na ɗauka sabo ne.

Daddawar da kika ba Alhaji Salifu ta iso, Allah ya saka da alheri. Ina kwance ƙullin, Zakariya abokin zamana ya fito daga ɗaki yana dariya, wai gidan duk ya zama Maraɗi. Na kai ta hancina, Inna. Na sake kaiwa. Ban ji komai ba.

Kada Baba ya ji. Tun ranar na kasa zama, ina ta zagaye a babban titin nan garin, Wendover, ina neman wani aikin. Ki sa ni a addu'a. Daddawar tana kusa da shimfiɗata, kullum da safe sai na gwada.

Ɗanki,
Bukari