Faifan da Ya Cika

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna, da murar Gimbiya? Kin san bakina da nauyi a waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ba zan samu zuwa ƙarshen makon nan ba. Babbar kwamfutar asibitinmu ta lalace, rumbun bayanan marasa lafiya ya tafi da ita. Muna da kwafin ajiya, sai na yi ta cika baki. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwafin a matse yake kamar auduga a buhu, ni kuma girman buhun na auna. Da na fara kwance shi sai ya kumbura, ya kusa ƙarewa ke nan faifan kwamfutar ya cika, komai ya tsaya. Na share tarkace na sake, nan dai ya sake tsayawa.

Ina wuni ni kaɗai a ɗakin kwamfutar nan mai sanyi, ba taga, sai ƙugin fanka. Babu mai leƙowa sai babbar nas, ita ma ba gaisuwa ke kawo ta ba. In abin ya ishe ni sai in jona ɗan faifaina in kalli bidiyoyin Gimbiya da kike turo mini.

Ki gaida Inna.
Mijinki, Baban Gimbiya

Maman Gimbiya,

Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ta.

Aiki ya yi, amma ki ji yadda aka yi. Sabon faifan da aka yi oda sai mako mai zuwa, ga masu ciwon suga da masu juna biyu sun cika baranda, likita na tambayar kowa maganin da yake sha, wasu ko sunansa ba su sani ba. Dabara ɗaya ta rage, in kwashe matsattsen kwafin daga kwamfutar in ajiye shi wani wuri, ta samu sararin kwance shi. Duk ginin nan babu abin da zai ɗauke shi sai ɗan faifaina, shi ma sai an share shi tas.

Na daɗe da yatsa a kan madannin sharewa. Sai na ce ai bidiyoyin na asali suna wayarki, na danna. Kafin la'asar bayanai suka dawo, babbar nas har murmushi ta yi mini, abin da ban san ta iya ba.

Yanzu sai ki daure ki sake turo mini su, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ɗakina ya yi shiru da yawa.

Naki, Baban Gimbiya

Maman Gimbiya,

Saƙonki ya iso. Ina fata kin daina kukan, don wallahi ba laifinki ba ne.

Ban san wayarki ta daɗe da cika ba, ban san duk wanda kika turo sai kin goge shi kafin ki samu wurin ɗaukar wani ba. Kin ce hankalinki kwance yake tunda suna hannun wanda ajiya ce sana'arsa. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Na gwada duk dabarar da na sani don in dawo da su, amma kwafin asibitin ya riga ya hau kansu.

Ke kin ga komai da idonki. Ni ban ga rarrafenta ba, ban ga ranar da ta fara tafiya ba, sai a faifan nan. Jiya na zauna ina son in tuna rigar da ke jikinta ranar, na rasa ko ja ce ko ruwan ɗorawa.

Don Allah ki rubuto mini. Wace riga ce, daga ina ta taso, wurin wa ta nufa? Kada ki taƙaita.

Ki shafa mini kanta.
Mijinki, Baban Gimbiya