Gidan da Yaro Bai Taɓa Mutuwa a Ciki Ba

Zindar, 9 ga Yuli, 1960

Zuwa ga matata Zuliha, a Damagaram Takaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun rage kumburi? Ina gaida Inna, da yayanki Suma'ila, wanda na san shi zai karanta miki wannan takarda. Yaya Suma'ila, inda ka ji maganar ta yi maka nauyi, ka sunkuyar da kai ka karanta kawai.

Na iso lafiya, keken ɗinkina ma ya iso, sai dai ya sha jijjiga a mota. Aikin ya tabbata. Muna ɗinka kakin 'yan lakkol, wato 'yan makarantar boko, ga kuma tutocin ranar 'yancin kai da ake ta shiri. A shago nake kwana kafin in samo mana ɗakin haya.

Ban manta da alkawari ba. Ranar da zan taho kin riƙe bakin rigata, kika ce an fitar miki da 'ya'ya uku daga ɗaki guda zuwa makabarta, ba za ki ƙara haihuwa a gidan da yaro ya taɓa mutuwa a ciki ba. Na ce na ji, zan samo. A lokacin gani nake a babban gari kamar Zindar abin ba zai yi wuya ba.

Abokin aikina Gana shi ke zagayawa da ni cikin Birni in mun tashi. Ɗakuna sun yi ƙaranci, don ma'aikata sai shigowa suke yi, amma ana samu. Sai mun ga ɗaki, mun yaba, in yi tambayata, nan fuskar maigida za ta canza. Wani dattijo maƙeri ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, gida kake nema ko Aljanna?" Yanzu Gana in ya ga zan buɗe baki sai ya fara neman takalminsa.

Gida ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na wata tsohuwa ce Babarbariya, Ya Fanta, ungozoma. Ɗakin soro ne mai sanyi, ba ya yoyo, ga kurna a tsakar gida, kuma ba nisa da likita. Da na yi tambayar ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "Biyar, ɗan nan, duk nawa." Ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan ta ce, "Naka fa, su wa da wa?" Zuliha, tun da muka rasa su ba wanda ya tambaye ni haka. Na faɗa mata sunayensu, na yi mata sallama na fita. Gidan ya yi, amma ba shi na yi miki alkawari ba.

Ki riƙa cin abinci ko ba kya so. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Alkasum

Zindar, 21 ga Yuli, 1960

Zuwa ga Zuliha.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan da aka yi ya same ku lafiya, kuma gero ya miƙe. Ina gaida Inna da Yaya Suma'ila.

Albishirinki, na samu. Can bayan gari wani ɗan kasuwar fata ya gina sabon gida, ɗaki biyu da zaure, daɓen siminti, rufin kwano. Ko kaza ba ta taɓa kwana a ciki ba. Da na tambaya, shi kansa dariya ya yi, ya ce ai ƙasar bangon ma ba ta gama bushewa ba. Mun tsayar da magana, ranar Juma'a zai ba ni makulli.

Ba zan ɓoye miki ba, wurin shiru ne. Maƙwabta sai jefi-jefi, ruwa sai an saya daga 'yan garuwa, likita kuma da nisa. Na tsaya a tsakar gidan na yi tunanin ranar da naƙuda za ta kama ki ina shago, wa za ki kira? Gana ya ce hankalina ne ba ya son kwanciya, na samu abin da nake nema ina kuma neman aibunsa. Wataƙila gaskiyarsa. Abin da kika ce in nemo ke nan, na kuma nemo.

Ki fara ɗaure kaya. Kada ki ɗaga turmi, ki bar wa Yaya Suma'ila, yana jin ƙarfi.

Naki,
Alkasum

Zindar, 5 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Zuliha.

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, jikin kuma da sauƙi. Na daɗe ban rubuto ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Gidan nan ya kuɓuce mana. Ranar da na je karɓar makulli, maigidan ya zaunar da ni, aka kawo ruwa, muna ta hira. Sai ya ce shi dai tambayata ta ba shi mamaki, me ya kawo ta? Kin san bakina ba ya iya kwana-kwana. Na gaya masa komai. Ya riƙa juya makullin a hannu. Can ya ce, "Malam Alkasum, ka yi haƙuri. Gidan nan sabo ne, ba na so a buɗe mini shi da gawar yaro." Ya mayar da makullin aljihu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na so in gaya masa magana, na so in ce matata ba annoba ba ce. Amma ina kan hanyar komawa sai na gane. Ashe haka maƙerin nan ya ji, haka duk iyayen da na tsaya a zaurensu suka ji, na sa sun tono 'ya'yansu da baki, sannan na kaɗe rigata na ce gidan bai yi mini ba. Tsoron da ya sa mutumin nan ya kore mu, shi na yi ta yawo da shi gida-gida.

Shekaranjiya aka yi bikin 'yancin kai. Gari ya cika da kiɗa, tutocin da muka ɗinka suna ta kaɗawa, ni kuwa ina zaune bakin shago kamar wanda aka aiko ya manta saƙo. Ƙafata ce ta kai ni gidan Ya Fanta. Ta gaishe ni da Barbarci, ta ce, "Wushe, ɗan nan, ka dawo?" Na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta ce ɗakin yana nan, ba ta ba kowa ba. Ta ce ta haifi tara, huɗu suna raye, kuma a tsakar gidan nan suka yi rarrafe, su da waɗanda suka tafi.

Zuliha, na kasa cika alkawari. Zan iya kama ɗakin in ce miki ba a taɓa mutuwa a ciki ba, amma ƙaryar ba za ta kwana ba, kuma ba zan iya haɗa ido da ke ba. Watan haihuwarki ya kusa, hanya sai ƙara lalacewa take yi da ruwa. Ina so ki haihu kusa da likita, kusa da ni. Ina tsoro kamar yadda kike tsoro. Amma ke kika ɗauke su, ke kika shayar da su, maganar a hannunki take. In kin ce a'a, zan bar aikin in dawo.

Mijinki,
Alkasum

Damagaram Takaya, 12 ga Agusta, 1960

Zuwa ga maigidana.

Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka sannu da wahala. Muna lafiya, yana motsi sosai. Yaya Suma'ila ke rubutawa, na ce kada ya gyara mini magana.

Na sa an karanta mini takardarka sau biyu. Mai sabon gida ban riƙe shi ba. A nan ma matan da muka tashi tare in sun hango ni sai su mayar da goyonsu ɗaki.

Kada ka bar aikinka. Ka je ka tambayar mini tsohuwar nan abu ɗaya. In abin ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, za ta bar ni in yi kuka har in gaji, ba ta ce mini "yi haƙuri" ba? Kuma da safe za ta bar mu mu ci gaba da zama a gidanta? Na gaji da haƙurin da ake ba ni. In ta yarda, ka aiko.

Matarka,
Zuliha

Zindar, 16 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Zuliha.

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, ban koma kan keke ba sai da na je.

Na faɗa wa Ya Fanta maganarki yadda kika faɗe ta. Ta goge ido da bakin zane. Sannan ta ce, "Ka gaya wa 'yata, rai ba a hannuna yake ba, ba zan yi mata alkawarinsa ba. Amma in kuka ya zo, tare za mu yi shi, ni ma ban gama nawa ba. Ƙofar nan kuwa ba mai rufe mata."

Na tashi zan tafi, sai ta ce in tsaya, aiki ya same ni. Ta sa na share ɗakin, na kuma jera mata itace a gindin kurna, na wankan jegonki. Ta ce in gaya miki ki zo da wuri, tana so hannunta ya saba da cikin kafin ranar.

Motar kasuwa za ta taso ranar Alhamis. Na roƙi direban ya ba ki gaba. Zan tsaya a tasha.

Allah ya kawo ku lafiya, ku biyu.

Mijinki,
Alkasum